Kano zuwa Khartoum: tafiyar sa'o'i ta koma ta kwanaki

A sararin sama, tsakanin Kano da Khartoum akwai kimanin kilomita 2,600, wato tafiyar sa'o'i uku da rabi zuwa huɗu a jirgi. Kafin yaƙi, mutum kan karya kumallo a Fagge, ya hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, ya yi sallar isha a gidan ɗan'uwansa a Omdurman. Sai dai ya ƙara awa ɗaya a agogonsa.

Kakannin Hausawan Sudan shekaru suka yi kafin su cinye wannan tazarar. Da ƙafa da jakuna suka bi ta Borno da Wadai da Darfur, suna yada zango su yi noma ko ƙwadago, su tara guzuri su ƙara gaba, burinsu su kai Suwakin su tsallaka Bahar Maliya. Da yawa ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sennar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Wasu suka bazu a gonakin audugar Jazira, wasu a Gadarif da Kassala da Damazin.

Jirgin sama ya taimaka ƙwarai wajen raya zumuncin da nisa ya kusa kashewa. Ɗalibai suka cika jami'o'in Khartoum, 'yan kasuwa suna kai suna kawowa, tsohuwar da aka haifa a Wad Madani ta samu ta ga garin kakanta kafin ta bar duniya.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe filin jirgin Khartoum da sararin samaniyar ƙasar. 'Yan Najeriya da aka kwaso a makonnin farko sai da suka yi kwanaki a motocin safa da bakin iyakar Masar kafin jirgi ya ɗebe su daga Aswan zuwa Abuja. Har alhazanmu na shekarar abin ya taɓa, domin jiragen Jidda sai da suka yi zagaye.

Daga nan Port Sudan ta zama ƙofar ƙasar. Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Alƙahira zai yi kusan kilomita 3,100, ya zauna jiran canjin jirgi, ya juyo kudu wasu 1,300. A lokacin, idan ya sauka, da sauran aiki, tunda kusan kilomita 800 ne a mota zuwa Khartoum kawai, ga shingayen bincike, kuma garin Mai Wurno na can gaba. Tsohuwar hanyar ƙasa ta Adre da Janaina kuwa ta ratsa tsakiyar wutar Darfur.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin talaka. Mai hali zai sayi tikiti biyu ya kwana a otal. Manomin Sennar da aka yi masa rasuwa a Haɗeja sai dai ya karɓi gaisuwa ta WhatsApp, in an dace da intanet. Gwamnatin Najeriya da masarautunmu su sa maido da jirgi kai tsaye tsakanin Kano da Sudan cikin abubuwan da za su nema da gaske, domin mutanen can 'yan'uwanmu ne na jini.