Makarantun kwana na kuɗi a Tema: abin da ɗan kasuwa zai duba kafin ya kai ɗansa

Duk ɗan kasuwar da Allah Ya buɗa masa a cinikin albasa a Bawku, ko doya a Salaga da Yendi, burinsa shi ne 'ya'yansa su samu ilimin da shi bai samu ba. Shi ya sa muke yawan jin tambaya a kan makarantun kwana na kuɗi da ake kira na ƙasa da ƙasa, musamman biyu da ke Tema: SOS-Hermann Gmeiner International College, wadda aka kafa a 1990 domin yaran gidajen marayu na SOS daga ƙasashen Afirka, amma take ɗaukar 'ya'yan masu biya, da kuma Tema International School da aka buɗe a 2003.

Abu na farko da ya kamata iyaye su sani shi ne karatun can ba irin na sakandaren Yendi ko Bawku ba ne, inda yaro ke kammalawa da jarrabawar WASSCE. Waɗannan makarantu suna shirya ɗalibi ne ga difloma ta IB, wadda hukumarta ke Janiba a ƙasar Suwizalan. A shekara biyu na ƙarshe, ɗalibi zai ɗauki darussa 6, ya rubuta bincike na kansa da bai wuce kalmomi 4,000 ba, ya kuma yi aikin taimakon al'umma. Maki mafi yawa 45 ne, kuma wanda bai kai 24 ba ba ya samun diflomar. Jami'o'in Ingila da Amurka da na Gana suna karɓar ta. Sai dai in kasuwa ta juya aka cire yaro ana tsakiyar karatu, komawa tsarin WASSCE na iya jawo masa asarar shekara.

Na biyu shi ne zaman kwana. Daga Bawku zuwa Tema tafiya ce mai cin yini guda cur a mota, don haka yaro zai yi watanni ba idon iyaye a kansa. Kada uba ya ji nauyin tambayar hukumar makaranta: ina wurin salla, yaya ake da sahur a watan azumi, wa ke yanka naman da ake ci? Ba mu manta da taƙaddamar 2021 a makarantar Wesley Girls ta Cape Coast ba, inda hana ɗaliba Musulma azumi ya kai ga Hukumar Ilimi ta Gana ta sa baki.

Sannan tun Satumban 2017 sakandaren gwamnati kyauta ce, har da abinci da wurin kwana. Saboda haka shawararmu ita ce, mutum ya lissafa kuɗin dukkan shekarun karatun kafin ya biya na zangon farko, ba tare da ya taɓa jarinsa ba. In lissafi bai fita ba, gara yaro ya zauna a ta gwamnati, a tara kuɗin domin jami'a. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.