Ƙungiyar masu sana'a da ta yaƙi shan inna

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun san masu bi gida-gida suna ɗiga wa yara magani a baki. Wannan wata za mu ba ku labarin wata ƙungiya da ke cikin masu biyan kuɗin wannan aiki. Sunanta Rotary, kuma tana da reshe a Yamai.

An kafa ta a birnin Shikago na Amurka cikin 1905. Mutum 4 suka fara: lauya mai suna Paul Harris, da mai sayar da gawayin ƙasa, da tela, da injiniya. Da farko abota da ciniki suka haɗa su. Yau su taru wurin aikin wannan, wani mako wurin aikin wancan. Cikin 1907 suka tashi tsaye don a gina wa jama'a makewayi a tsakiyar gari. Shi ne aikinsu na farko don amfanin kowa. Yau ƙungiyar tana da mutane fiye da miliyan 1 a duniya.

Babban aikinta shi ne yaƙi da shan inna, ciwon da ke shanye ƙafar yaro. Ta buɗe babban shirinta na ɗigo cikin 1985. Cikin 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da gwamnatoci suka haɗa hannu da ita. A lokacin, ciwon yana nakasa yara wajen 350.000 kowace shekara, cikin ƙasashe 125. Rotary ta zuba fiye da dalar Amurka miliyar 2. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar cewa ƙwayar asali ta ƙare a Afirka. Ta rage a Afganistan da Pakistan. Amma wani nau'inta yana ɓullowa har yanzu inda yara ba su sha ɗigo sosai ba. Shi ya sa ba a bar zagaye ba.

Mi ya haɗa ɗan kasuwa da ciwon yara? Hanya ce. Hanyar da albasa da wake da bisashe ke bi, ita ciwo ke bi. Daga Maraɗi a bi Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Daga Damagaram a bi Magarya zuwa Kano. Daga Birnin Ƙonni a shiga Illela. Cikin 2003 jita-jita ta sa aka tsaida ɗigo a Kano har tsakiyar 2004. Ciwon ya bi matafiya, ya koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da shi.

Mun san kasuwa ta sha wuya. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa cikin 2023 har Maris 2024. Kaya suka tsaya, ciniki ya ja baya, hannun mutane ya yi ƙunci. Amma aikin gari ba sai mai dukiya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka muna kira ga dillalai, da mahauta, da teloli, da masu tebur. Ku haɗu ranar kasuwa. Kowa ya sa dala 20 cikin asusu. Ku zaɓi wanda ya yi yaƙi da jahilci ya riƙe littafi, a karanta lissafi gaban kowa. Ku fara da aiki guda, kamar makewayi a kasuwa ko gyaran bakin rijiya. Kasuwa mai ruwa da tsabta ita mutane ke daɗewa ciki.

In masu ɗigo sun zo, ku sanar da ruga da ƙauye. Ɗigo 2 ne a baki, kyauta, ga duk yaron da bai kai shekara 5 ba. Makiyayi, in kana kan tafiya, tambaya a likitar garin da ka sauka. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.