Luciano Pavarotti, ɗan mai gashin burodi da ya fitar da opera zuwa bainar jama'a

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa maimakon a faɗe su. A Italiya aka ƙirƙiro shi wajen shekarar 1600. Mawaƙi na tsayawa bisa dandamali, gomman makaɗa na ƙasansa, kuma sai muryarsa ta isa kujerar ƙarshe ta zauren ba tare da lasifika ba. Namijin da muryarsa ke hawa sama sosai shi ake kira tenor. Shekaru aru-aru ana kallon wannan fasaha a matsayin ta masu hannu da shuni, har Luciano Pavarotti ya zo ya kai ta inda talaka ke iya ji.

An haife shi ranar 12 ga Oktoba 1935 a birnin Modena da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa mai gashin burodi ne da ke waƙa a ƙungiyar mawaƙan garin, mahaifiyarsa kuwa ma'aikaciya ce a masana'antar taba. Da yarinta burinsa ya zama mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa. Ya yi karatun malanta, ya koyar shekara biyu a makarantar firamare, ya kuma yi tallar inshora don ya ci abinci yayin da yake koyon waƙa a hannun Arrigo Pola tun daga 1954.

Sai bayan shekara bakwai ƙofa ta buɗe masa. Ranar 29 ga Afrilu 1961 ya fito a wasan La Bohème na Puccini a garin Reggio Emilia. A 1963 ya maye gurbin Giuseppe Di Stefano a zauren Covent Garden na Landan, a 1965 kuma ya zagaya Ostiraliya tare da mawaƙiya Joan Sutherland, wadda ya koyi dabarar riƙe numfashi a wajenta. Sunansa ya fita duniya a 1972, a zauren Metropolitan na New York, cikin wasan La Fille du régiment da ake rerawa da Faransanci. A waƙa guda ya kai sautin "do" na can sama har sau tara, sautin da mawaƙa da yawa ke tsoron taɓawa ko sau ɗaya. A daren, ƴan kallo sun dawo da shi dandamali sau 17 da tafi.

Gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya ita ta kai shi ga mutanen da ba su taɓa shiga zauren opera ba. Tashar BBC ta ɗauki waƙar Nessun dorma da muryarsa ta zama taken shirye-shiryenta na gasar. Ranar 7 ga Yuli, jajibirin wasan ƙarshe, ya yi waƙa a Roma tare da Plácido Domingo da José Carreras, kuma faifan wannan dare ya yi kasuwar da ba a saba gani ba a irin wannan kiɗa. A 1993 kimanin mutum 500.000 suka taru a filin Central Park na New York domin su saurare shi.

Daga 1992 zuwa 2003 ya riƙa shirya wasan Pavarotti & Friends a Modena tare da mawaƙan zamani, ana tara kuɗi don waɗanda yaƙi ya tagayyara: yaran Laberiya a 1998, ƴan gudun hijirar Afganistan a 2001, na Angola a 2002. Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi manzon zaman lafiya a 1998, hukumar HCR kuma ta ba shi lambar Nansen a 2001.

Bai tsira daga suka ba. Masana opera sun zarge shi da mayar da fasahar haja, suna cewa ya daina koyon sababbin wasanni. A 1989 zauren opera na Shikago ya raba gari da shi bayan ya soke fitowa 26 cikin 41 da aka tsara masa. A shekarar 2000 ya amince ya biya gwamnatin Italiya lira miliyar 25 na bashin haraji.

Wasan opera na ƙarshe da ya yi shi ne Tosca, a New York, cikin Maris 2004. A Fabrairu 2006 ya bayyana a bikin buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Turin, inda daga baya aka bayyana cewa an naɗi muryar tun kafin ranar, saboda sanyi da raunin jikinsa. Kansar pankiriyas ta yi ajalinsa ranar 6 ga Satumba 2007 a Modena, yana da shekara 71.