Takalman Sarƙar Taimin: Rarrabe Gaskiya da Jita-jita

Sarƙar taimin ita ce ke haɗa kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf, sandar da ke buɗe bawuloli tana rufe su, ta yadda kiranshaf zai zagaya sau biyu kafin kamshaf ya zagaya sau ɗaya. Domin kada sarƙar ta yi sako-sako, akwai wata na'ura da ake kira tenshina, wadda a yawancin motoci ƙarfin baƙin mai ne ke tura ta, ita kuma ta danne sarƙar da wani takalmi na roba mai tauri dangin nailan. A kan wannan takalmi maganganu suka yi yawa a gareji, wasu daidai, wasu kuwa na jawo asara.

Magana ta farko ita ce wai motar da ke da sarƙa ba ta buƙatar gyaran taimin har abada. Gaskiya ne cewa sarƙa ta fi bel daɗewa, kuma kamfanoni ba su cika yanka mata wa'adin canji ba kamar yadda suke yi wa bel, amma takalman da take gogawa a kansu suna cinyewa. Misali sananne shi ne injin Nissan mai silinda shida da ke cikin Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010, inda ƙananan sarƙoƙin sama suke cin takalmin har su isa ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, injin ya riƙa wani siririn kuka da ke ƙaruwa idan an taka totur, lamarin da ya kai masu motocin ga shigar da ƙara a kotunan Amurka.

Ta biyu ita ce wai ƙarar da ake ji da safe yayin tayar da inji ba komai ba ce tunda takan lafa. Abin da ke faruwa shi ne mai bai riga ya cika tenshina ba, don haka idan ƙarar tana daɗewa ko tana ƙaruwa kullum, alama ce ta lalacewa. A injinan da fistin da bawul ke amfani da fili ɗaya a lokuta mabambanta, sarƙa na tsallake haƙori kaɗan sai su yi karo, bawuloli su lanƙwashe, gyaran takalmi ya koma gyaran kan inji baki ɗaya.

Ta uku ita ce wai zuba mai mai kauri, irin 20W-50, yana magance matsalar. Mai mai kauri yana iya rage ƙarar, amma ba ya mayar da robar da ta cinye, kuma a injin da aka ƙera domin 5W-30 yana jinkirin isa tenshina lokacin tayarwa, wanda shi ne lokacin da aka fi buƙatarsa.

Akwai kuma maganganun da suka tabbata. Gaskiya ne cewa jinkirta juyen mai yana saurin kashe sarƙa, domin dattin da ke cikin tsohon mai yana cin ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta har ta ƙara tsawo, yana kuma toshe ƙaramar kafar da mai ke bi zuwa tenshina, abin da ƙurar hunturu da zafin bazara ke ƙara tsanantawa. Haka kuma gaskiya ne cewa gutsattsarin takalmin da ya farfashe suna gangarawa kaskon mai na ƙasan inji, inda suke iya toshe rariyar famfon mai, saboda haka wajibi ne a kwance kaskon a wanke shi yayin gyara.

Batun ko takalmi kaɗai za a canza kuwa, awo ne ke yanke hukunci. Idan sarƙar ba ta ƙara tsawo ba, haƙoran giyarta kuma lafiya lau, takalmi da tenshina sun wadatar. Idan ta ƙara tsawo, ko na'urar bincike ta nuna lamba P0016, wadda ke nufin kiranshaf da kamshaf ba sa tafiya tare, ya kamata a binciki saitin gaba ɗaya. Takalmin gwanjo ba abin sakawa ba ne, domin roba ce da zafi ya riga ya gasa. Ya kamata mai mota ya kai ta wurin ƙwararren bakanike da zarar ya ji ƙarar, ya sayi sabbin kaya masu inganci, ya kuma riƙa juye a kan lokaci da irin man da kamfani ya ƙayyade.