Wa Zai Riƙe Takardar Magani?

 Yau shirin namu ya yada zango a Abijan, tsakanin Adjamé da Treichville, unguwanni biyu da duk Bahaushen da ya taɓa zuwa neman kuɗi Kodibuwa ya sha ƙurarsu. A Adjamé babbar tashar mota take, can motocin gbaka suke cika suna batsewa, can 'yan albasa da 'yan tireda suke. Kai, har abincin da ya fi kowane farin jini a birnin, garin rogon nan attiéké da soyayyen kifi, sunanmu ya ci, garba ake ce masa, don 'yan Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi. To amma ba ciniki ya kawo mu ba yau. Asibiti za mu shiga, kuma da dare za mu shiga.

Daren Lahadi, 23 ga Maris, 2014, aka tsinci wata budurwa yashe a wajen gadar Agban, kusa da barikin jandarmomi na Adjamé, ba ta san inda kanta yake ba. Sunanta Awa Fadiga, shekarunta 23, sana'arta tallan kayan ƙawa, kuma an san fuskarta a gari. Tasi ta shiga, a cikinta aka far mata. 'Yan kwana-kwana suka ɗauke ta suka kai ta sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Cocody, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Daga nan bakin mutane ya rabu biyu. Danginta suka ce sai washegari da rana suka gano inda take, suka tarar da ita kwance a ƙasa, an fi awa goma ba a yi mata abin kirki ba, saboda babu wanda zai biya. Ma'aikatar lafiya, a ƙarƙashin minista Raymonde Goudou Coffie, ta ce atafau an duba ta, an ba ta taimakon farko. Amma akwai abin da ba a yi gardama a kansa ba: na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta asibitin ba ta aiki, sai da aka fita da ita wani asibitin kuɗi aka ɗauko hoton. Ranar Talata, 25 ga wata, Allah Ya yi mata rasuwa.

Ga abin da ya tsaya mini a rai da nake haɗa shirin nan. Dokar da ta kafa inshorar lafiya ta kowa da kowa a Kodibuwa, wadda ake kira CMU, kun san kwanan watan da take ɗauke da shi? 24 ga Maris, 2014. Litinin. Ku sake ji da kyau: an tsince ta Lahadi, ta rasu Talata, dokar kuma ta Litinin ɗin da ke tsakani ce. A fadar gwamnati ana sa hannu a takardar da ta ce kuɗi ba zai ƙara shiga tsakanin talaka da likita ba, a Cocody kuwa, cikin gari ɗaya, yarinyar mutane tana kwance ba a san 'yar wa ce ba. Na duba kwanakin nan sau uku, ina zaton idona ne.

Gari ya ɗauki zafi. Facebook ta cika, aka yi ta sa hannu a takardun koke, kuma cikin 'yan makonni gwamnati ta sauke shugaban asibitin, ta ware kuɗin gyaran sashen gaggawa.

Yanzu, Malam, a ce kai ne. Ka taso daga Tawa ko Maraɗi, kana soya kifi a rumfar garba, ƙaninka ya faɗi da zazzaɓi mai zafi ƙarfe biyun dare. Ka tare mota kun isa wani babban asibiti. Abu na farko da za a miƙo maka takarda ce, ordonans, kamar yadda mutanenmu na can suke cewa. Ka duba: ruwan da za a ƙara masa, allura, safar hannu, wani lokaci har auduga. Ka ruga kantin maganin asibiti, a ce biyu akwai, uku babu. Ka fita titi neman kantin da yake da kwanan aiki a wannan makon. Ka dawo da leda a hannu kana haki, a sake miƙo maka wata takardar, ta gwajin jini. A baranda ga 'yan'uwanka masu jinya, wannan ta shimfiɗa zane, wancan ya yaga kwali ya kwanta a kai, kowa da waya a hannu yana kiran gida a turo kuɗi. Kai ne ɗan aike, kai ne mai biya, kai ne mai gadi, kai ne za ka je ka ce wa malamar jinya, don Allah ruwan nan ya ƙare.

To, cire kanka daga wannan labarin, ka bar ƙanin naka shi kaɗai. Wa zai riƙe takardar? A ganina nan gizo yake saƙar. Asibitin ya jingina da wani ma'aikaci da ba ya cikin jerin masu albashi, wato mai jinya. Ran da aka kawo wanda ba shi da kowa, ko baƙo, ko wanda ya suma a hanya, ranar ake ganin ramin. Awa tana da dangi, tana da suna, amma na tsawon dare guda ta zama marar kowa.

Yadda aka zo nan, a gurguje. Tun shirin Bamako na 1987 ƙasashenmu suka koma tsarin marar lafiya ya biya wani abu. Bayan rikicin zaɓe, a 2011, gwamnatin Alassane Ouattara ta ce magani kyauta ga kowa. Jama'a suka yi cincirindo, kantuna suka bushe, kafin shekara ta zagayo, a 2012, aka taƙaita kyautar ga masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da wasu 'yan larurori. Kyautar da babu magani a kanta kuwa, ai romon baka ne.

Mu haye gada mu shiga Treichville. Asibitin koyarwa na can tsoho ne, tushensa tun 1938, zamanin Turawan Faransa, gine-gine ne birjik a fili ɗaya, kowane sashe da nasa. Abin sha'awa, duk abin da Awa ta bukata a daren nan, uwarsa tana wannan unguwa. Makarantar INFAS, inda ake horar da malaman jinya da ungozomomi, tana harabar asibitin. Cibiyar tara jini ta ƙasa tana kan titin Marseille. Babban rumbun maganin gwamnati, Nouvelle PSP, shi ma nan yake. Cibiyar ciwon zuciya nan take. Sashen cututtuka masu yaɗuwa na Treichville shi ya karɓi mutum na farko da aka samu da korona a ƙasar, a Maris ɗin 2020. Ilimi akwai, ƙwararru akwai. Tambayar ita ce, ƙarfe ukun dare, mutum nawa ne a tsaye a bakin gadon marar lafiya?

Kuma ina so mu yi wa malaman jinya adalci, don su ne kullum ake zagi. Matar da ta kama aiki tun magariba, gadaje sun cika, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, ba safar hannu a aljihun tebur, na'ura ta mutu tun watan jiya, an rubuta wa na sama ba amsa. Idan ta ɗauki magani daga kanta ta sa wa wanda ba a san shi ba, gobe wa zai cike gurbin kuɗin? Ba na wanke mai sakaci, akwai su, akwai masu tsawa, akwai masu karkatar da marasa lafiya zuwa asibitin kuɗin da suke aiki da yamma. Amma dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana bukatar likita da malamin jinya da ungozoma aƙalla 4.45 ga kowane mutum dubu, kuma a jerin ƙasashe 55 masu tsananin ƙarancin ma'aikata da ta fitar a 2023, Kodibuwa tana ciki, Nijar tana ciki, Najeriya ma tana ciki. Daɗin daɗawa, a ƙarshen 2019 aka rufe asibitin koyarwa na Yopougon don gyara, mutanen wannan ƙatuwar unguwa suka kwararo Treichville da Cocody da sabon asibitin Angré. Ƙaramin asibiti ya rubuta maka takardar tura ka gaba, ka sha cunkoson gada, ka isa a ce babu gado.

Shi ya sa duk lokacin da na ji an sauke shugaban asibiti bayan wani rashi, nakan ɗan yi jim. Yana kwantar da zuciya, ban musa ba. Amma sabon shugaba zai zo ya tarar da jadawalin dare ɗaya, da kanta ɗaya, da na'ura ɗaya mai jiran kayan gyara.

Lokaci ya ci mu, bari in haɗa sauran. An yi dokar gyaran tsarin asibitoci a 2019. A 2021 aka ba Pierre Dimba ma'aikatar lafiya, injiniya ne da ya fito daga hukumar hanyoyi, kuma an ga gine-gine. Mutuwar mata wajen haihuwa ta sauko daga 614 cikin haihuwa dubu ɗari a binciken 2012 zuwa 385 a na 2021, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita kuwa CMU, dokar ranar Litinin ɗin nan, sai a ƙarshen 2019 aka fara jinya da katinta, shekara biyar da rabi bayan sa hannu. Jika ɗaya ce a wata, sefa 1,000, inshora ta ɗauki kashi 70, kai ka biya 30, kuma ta shafi duk mazaunin ƙasar, har da baƙo mai rumfar garba a Adjamé. Masu katin da yawa suna kukan cewa maganin da aka rubuta musu ba ya cikin jerin da inshorar take biya. Wannan sai wani shirin.