Gonar Araha a Kwarin Binuwai: Me Mai Ƙaramin Jari Yake Saye?

A shekarar 2025 ma'aikatar filaye ta Kamaru ta ba masu sarautar ƙauyuka damar bayar da takardar shaidar cewa wane ne ke riƙe da ƙasa kaza bisa al'ada. Masu goyon bayan matakin suna cewa talaka ya samu madogara. Wanda ya san yadda gona ke sauya hannu tsakanin Pitowa da Ngong ba zai yi saurin tafi ba. Takardar ba ta mallaka wa kowa ko taku ɗaya, share fage ce kawai kafin a nemi ta gwamnati, kuma an damƙa ta a hannun mutanen da tun farko a wurinsu matsalar take.

Masu neman gonar araha mun san su. Malamin makaranta ne da ritaya ta matso, ko mahauci, ko mai shago a babbar kasuwar Garwa da ya gaji da kuɗin haya. Burinsa bai wuce kar uku ko huɗu ba, wato abin da bai fi hekta guda ba, ya yi ɗaki biyu, ya haƙa rijiya, ya ɗaure awaki, ya dasa mangwaro. Bakin gari ya fi ƙarfinsa, musamman tun da gasar cin kofin Afirka ta zo filin Rumde Ajiya a Janairun 2022, aka kuma kafa Jami'ar Garwa a wannan shekarar, kwaɗayin masu kuɗi ya ƙaru. Sai ya nausa Gashiga ko Bibemi ko wajen Lagdo, kuma a can yakan samu mai araha. Arahar ce ya kamata ta tsorata shi.

Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, ta zamanin Ahmadu Ahijo ɗan Garwa, ita ce ke aiki har yau. A ƙarƙashinta duk ƙasar da ba ta da takardar mallaka ta gwamnati ƙasar al'umma ce, gwamnati ke kula da ita. Dokar ta kuma ce sayarwa ko bayar da hayar filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba, ciniki ne ɓatacce. A karkarar Binuwai da Mayo-Rai gonar da ke da irin wannan rajista sai an tona. Ke nan mafi yawan cinikin gona da ake ƙullawa a yankin, a idon doka ba a yi shi ba.

Amma ƙasar tana da masu ita a aikace. Tun jihadin Modibbo Adama a farkon ƙarni na 19 ƙasa take a hannun lamido, daga shi sai lawan, sai jauro. Baƙo yakan je gaban jauro a nuna masa daji ya share, bayan girbi ya kai zakka. Sunanta zakka, amma Musulmi da wanda ba Musulmi ba duk suna bayarwa, kuma kowa ya san ladan zama ne a ƙasar sarki. A lamidodi masu ƙarfi irin su Rai Buba da Ceboa, manomin da ya saɓa da fada yana iya wayar gari gonar da ya yi shekaru yana nomawa ta koma hannun wani. Tsarin yana da kirkinsa, domin ya saukar da dubban mutanen da ba su da ko sisi. Sai dai aro aka gina shi a kai, yanzu kuma kuɗi ya shigo ana kiran aron ciniki.

Ga yadda akan yi. A zauna gindin darbejiya, mai gona da mai saye da jauro da shaidu biyu. A yago takarda daga littafin ɗan makaranta, a rubuta da Faransanci cewa wane ya bar wa wane gonarsa, iyaka daga tsamiya zuwa kwazazzabo. A dangwala yatsa, a ba jauro na goro. Shekara biyar bayan nan mai gonar ya rasu, ɗansa ya dawo daga Duwala ya ce jingina baba ya bayar. Jauron ma ya rasu, sabon bai san zancen ba, tsamiyar kuma an sare ta an yi gawayi.

Mai karatu zai ce to ya je ya yi rajista mana. Wanda danginsa suka raya ƙasa kafin 5 ga Agusta 1974 ne kaɗai ke iya neman takardar mallaka kai tsaye. Sabon zuwa sai ya nemi gwamnati ta ba shi riƙo na wucin gadi, ya nuna ya raya wurin, sannan a duba. Kwamitin da shugaban gunduma ke jagoranta zai sauka gonar da ƙafarsa, a cikinsa akwai mai garin da dattawansa biyu, ga mai awo, ga duwatsun iyaka, kuma a al'adance mai nema ke ɗaukar nauyin tafiyar. Gyaran da aka yi a Disambar 2005 ya rage zirga-zirgar Yawunde, amma bai rage wannan ɗawainiya yadda mai ƙaramin ƙarfi zai ji a aljihunsa ba. Sau da yawa kuɗin takarda yakan haura kuɗin gonar. Babban ma'aikaci da alhajin birni ba su jin wannan nauyi, shi ya sa su ke da duwatsun siminti a bakin titi.

Akwai masu cewa duk wannan kame-kame ne, jama'a ce ta yi yawa. Ba su rasa hujja ba. Tun shekarun 1970 shirye-shiryen gwamnati suka riƙa kwaso Tupuri da Mafa da Giziga daga Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai, audugar SODECOTON da madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 suka ƙara jan mutane, rikicin Boko Haram ya turo wasu daga 2014. Jama'ar yankin Arewa ta tashi daga kimanin 830,000 a ƙidayar 1987 zuwa kusan miliyan 1.7 a 2005. Sannan fiye da kashi 40 cikin ɗari na yankin gandun daji ne, na Binuwai da Faro da Buba Njida da filayen farauta da ke kewaye da su. Matsi gaskiya ne. Amma matsi farashi yake ɗagawa, ba shi ke sa a sayar da gona ɗaya ga mutum biyu ba.

Sakamakon yana kan ƙasar kanta. Wanda bai tabbata zai ci amfanin baɗi ba, ba zai yi jigilar takin shanu ba, ba zai bar gona ta huta ba, don wadda aka bari ana iya cewa an yasar da ita. Mai haya kuwa galibi ba a yarje masa dasa itace, saboda a al'ada dashe alamar mallaka ne. Sai a noma masara da auduga da takin zamani har ƙasa ta ƙeƙashe ta zama harde, a tashi a ƙara gaba. Gaban kuwa ko burtalin Bararoji ne, a yi ta shari'ar ɓarna kowace kaka, ko bakin gandun daji, ko fadamar da ruwa ya shanye a ambaliyar 2012, ko can wajen Tuboro inda masu garkuwa da mutane suka fi sanin wanda ya sayar da auduga.

Don haka masu wayo daga cikin masu ƙaramin jari sun daina gaggawar saye. Sukan yi hayar kar biyu na damina ɗaya ko biyu, su san garin, su gane wace gona ce ta gado mai magada goma, su ga inda ruwa ke kwanciya a watan Satumba, sannan su sayi ɗan abin da za su iya bin takardarsa har ƙarshe. Dabara ce ta mutum ɗaya, ba ta gyara dokar da ta haura shekara 50. Shugaba Paul Biya ya yi maganar sake fasalin dokar filaye a bikin noma na Ebolowa a Janairun 2011, kuma har yanzu ba a kafa sabuwa ba.