Daga Saƙar Kwarashi Zuwa Saƙar Zane

 

Yau hirarmu bisa saƙa take. Wata ɗalibata a Mirriya ta yi mini tambaya. Ta ce: "Malam, na iya saƙar hula da safar yara da zaren ulu. Da sanyi ya wuce, ba mai saye. Ina son koyon saƙar zane, amma ina tsoron ɓarnar zare. Yaya zan yi?" Tambaya ce mai kyau, don zare da kuɗi ake sayen shi. To, ku kasa kunne.

Da farko mu gane bambancin. Sunansu ɗaya, amma aikinsu daban. Saƙar kwarashi ko ta tsinke biyu, zare guda ne ake sarƙawa cikin kansa. Shi ya sa hula take buɗewa ta shiga kai. Saƙar zane kuwa, zare iri biyu ne. Akwai na tsaye, wanda ake ɗaurewa tamau. Akwai na kwance, wanda yake ratsa shi, bisa ɗaya, ƙarƙashin ɗaya. Shi ya sa zane ba ya miƙewa kamar hula.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce. A 1851 wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. A ƙarshen 1852 ya biyo ta Mirriya ya shiga Zinder, zamanin da ayarin fatake yake ratsa Damagaram. Kakanninmu su suka noma auduga. Mata suka gurje ta, suka kaɗa zare da mazari. Masaƙa suka saƙa, marina suka rina da baba.

A ƙasar Hausa saƙar zane iri biyu ce. Namiji yana zama, yana taka matakai da ƙafa, yana jefa ƙoshiya, yana buga zare da masefi. Abin da yake fitarwa siriri ne mai tsawo, ana ce da shi ƙwarya. Sai an ɗinka ƙwarya da yawa kafin su zama zane ko gwado. Mace kuwa a cikin gida take kafa itacen saƙarta a tsaye, jikin bango. Nata ya fi faɗi, amma bai kai na namiji tsawo ba.

Mai koyo ya fara da ƙarami. Kafinta zai haɗa miki katako huɗu kamar bakin taga, ya jera ƙusoshi sama da ƙasa. Ga abu huɗu da za ki kiyaye:

1. Zaren tsaye ya zama na auduga, mai ƙarfi, mai murɗi sosai. Ulu yana miƙewa, yana tsinkewa in an ja shi.
2. Ragowar ulun da kike da shi, kada ki zubar. Zai yi zaren kwance, har ya ba ki launi.
3. Duk zaren tsaye su ɗauru daidai. In wani ya yi sako-sako, zanen zai karkace.
4. Kada ki ja zaren kwance da ƙarfi. In kin ja, gefen zai tsuke, zanen ya yi ƙugu.

Yanzu ga inda karatunmu zai yi amfani. A kwarashi, in hula ta yi kaɗan, kina iya ƙarawa cikin aiki. A saƙar zane ba haka ba ne. Ranar da aka ja zaren tsaye, wato ranar wadari, ran nan aka yanke faɗi da tsawo. Don haka lissafi kafin aiki.

Ku ɗauki kaye da alƙalami. A ce zare 10 ne yake cika santimita 1. Muna son ƙwarya mai faɗin santimita 10. Zare nawa ke nan? 10 sau 10, 100. Muna son zane mai faɗin mita 1, tsawo mita 2. Ƙwarya 10 za a haɗa, kowace mita 2. Ke nan wadarin zai kai mita 20. A ƙara kaɗan bisa haka, don bakin zare yana tafiya wurin ɗauri, kuma auduga tana tsukewa in an wanke.

Ku rubuta kuɗin zare, da kwanakin da aikin ya ci. Sannan ran Lahadi, a kasuwar Mirriya, ku tambayi farashin zanen saƙi. Atamfar kamfani ta fi araha, wannan gaskiya ne. Saboda haka a fara da abin da gida yake bukata, kamar majanyin goyo. Kada a bar kwarashi. Hula da sanyi, zane sauran watanni.

In akwai tsohon masaƙi ko tsohuwa mai saƙa a unguwarku, ku je ku gaishe su, ku zauna ku kalli hannunsu. Da koyo akan iya.

Tambayar wannan mako: in zare 8 ne yake cika santimita 1, zare nawa ƙwarya mai santimita 12 za ta ci? Ku kai amsa wurin malaminku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.